Daga Aji Zuwa Ɗakin Haihuwa

Ranar awo, tun kafin rana ta yi zafi benci ya cika a ƙaramin asibitin unguwa. Mata sun jeru, kowace da katinta a hannu, wasu sun naɗe shi cikin leda don kada ruwa ko man girki ya taɓa shi. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa wata yarinya da ba za ta wuce shekara 16 ba ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ɗaya kullum, sannan ta rubuta ranar dawowa a bayan kati. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "To, malama." Ta juya katin gaba ta juya shi baya, ta cusa a jaka. Ba ta tambayi komai ba, domin ba ta san abin da aka rubuta ba, kunya kuma ta hana ta cewa ba ta sani ba.

Ta bayanta ta girme ta da shekara biyar ko shida, sai da ta gama sakandare aka ɗaura mata aure. Da aka ɗaure mata hannu aka auna jininta sai ta leƙa ta ce, "Anti, wancan watan 120 aka rubuta, yau na ga 145, ga shi ƙafafuna sun kumbura, kaina kuma yana sarawa tun shekaranjiya." Nan take aka zaunar da ita gefe, aka sake awo, aka duba fitsarinta, aka tura ta babban asibiti. Abin da ta lura da shi kan zama mafarin jijjiga, ciwon da ke ɗaukar mai ciki da ɗanta cikin dare ɗaya.

'Ya'yana, matan nan biyu unguwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, wataƙila ma mazajensu a kasuwa ɗaya suke nema. Abin da ya raba su shekaru ne da ɗaya ta yi a kan benci tana kallon allo, ɗaya kuma ta yi su da farantin talla a ka. Waɗannan shekaru ba a ganin amfaninsu ranar biki. Ana ganinsa ranar naƙuda, da ranar da goyo ya kwana yana gudawa, da ranar da za a raba gonar gado.

Ba yau aka gano haka ba, kuma a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da suka tabbatar da shi. Daga 1976 zuwa 1979, wani likitan mata ɗan Najeriya, Farfesa Kelsey Harrison, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Matan da suka fi rasa rayukansu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo a ƙurarren lokaci bayan sun kwana biyu ko uku a durƙushe a gida, kuma galibinsu ba su taɓa shiga aji ba. Likita ne, wuƙa da allura ne aikinsa, amma abin da ya ƙarasa rayuwar aikinsa yana faɗa shi ne a sa yara makaranta. A 1979 kuma wani masani ɗan Ostareliya, John Caldwell, ya duba alƙaluman Ibadan ya nuna cewa karatun uwa yana da ƙarfi sosai wajen raya ɗa, ko da an kwatanta gidajen da ƙarfin aljihunsu ya zo ɗaya.

Shekara arba'in bayan haka, binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya sake faɗin maganar da alƙaluma masu ɗaga hankali. A cikin kowane yara 1,000 da uwayensu ba su yi makaranta ba, 170 ba sa kai shekara biyar. A cikin 'ya'yan matan da suka wuce sakandare, 56 ne. Arewa maso yamma, inda mafi yawan Hausawa suke, tana da 187, jihar Kebbi kuwa 252, wato ɗaya cikin kowane yara huɗu. Wanda ya taɓa ganin uba ya ɗauko ƙaramar gawa a tabarma a hannunsa, ba tare da an buƙaci makara ba, ya san waɗannan ba lambobi ba ne kawai. Kowa da ajalinsa, babu mumini da zai yi jayayya da haka. Amma Wanda ya ƙaddara ajali Shi ya umarta a nemi magani, kuma ba a taɓa jin cewa yaran Kebbi sun fi na Ogun laifi ba, inda adadin bai wuce 30 ba.

To me karatun yake yi? Malamin lissafi ai bai koya wa kowa renon jariri ba. Abin yana shiga ne ta ƙananan ƙofofi. Uwar da ta iya karatu tana duba kwalbar magani ta ga cokali nawa, sau nawa, kuma ko ranarsa ta wuce. Ta san gudawar yaro ruwan jikinsa take ƙwacewa, don haka ba za ta jira a ce haƙori ne ba, za ta kaɗa ruwan gishiri da sukari tun kafin idonsa ya faɗa. Ta san maɗigar da ta lotsa alamar ƙarewar ruwa ce. Tana riƙe da katin rigakafi, ta san wata tara na ƙyanda ne. Abin da ya fi duka kuwa, makaranta ta saba mata tsayawa gaban babba ta yi magana. Yarinyar da ta saba ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam, ban gane ba," ita ce gobe za ta ce wa likita ya sake bayani, ita ce kuma za ta durƙusa gaban uwar mijinta cikin ladabi ta ce, "Inna, jikin yaron nan ya yi zafi da yawa, a taimaka a bar mu mu je asibiti yanzu, kada a jira Malam ya dawo."

Wannan ladabin yana da muhimmanci, 'yata, domin karatu ba lasisin raina manya ba ne. Kakarki da take dafa miki ruwan jego da ganyen darbejiya, take dama miki kunun kanwa, ƙauna ce take nuna miki da abin da ta gada. Sai dai likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun lura cewa ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa, wadda gishiri ce, haɗe da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wadda ta san haka ba sai ta yi faɗa ba. Za ta roƙi a sirka ruwan, a rage kanwar, ta kuma koma a duba jininta kafin arba'in. Haka zancen yake kan yankan gishiri da cire belu da aska ɗaya da ta zaga gidaje goma.

Akwai kuma abin da makaranta ke ba yarinya wanda ba ya cikin kowane littafi, wato lokaci. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa a cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ba su yi makaranta ba, kashi 44 cikin 100 sun riga sun haihu ko suna da ciki. A Jamhuriyar Nijar, mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika 18. Jikin yarinya kan yi tsawo ya cika ido tun ƙugunta bai gama buɗewa ba. Idan kan ɗa ya maƙale, naƙuda ta yi tsawo, babu asibitin da za a yi aiki a kusa, sai kan ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari. Duk mai son ya san nauyin wannan magana ya tambayi ma'aikatan asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa yana ɗinke dubban mata, ko cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ko ta Danja kusa da Maraɗi. Da yawa daga cikin masu zama a can suna jiran aiki, mazajen da suka yi rububin aurensu sun riga sun aiko da takarda.

Yanzu ga wurin da magana ke tsami. Da zarar an haɗa karatun mata da haihuwa a jimla ɗaya, sai wasu su ce ga shi nan, dama an kawo boko ne don a rage mu. Wannan zargi bai kamata a yi masa dariya ba, ya kamata a amsa shi da gaskiya. Gaskiyar ita ce, e, matan da suka yi karatu ba sa haihuwa da yawa kamar waɗanda ba su yi ba. A 2018, macen da ba ta yi makaranta ba a Najeriya takan haifi 'ya'ya 6.7 a ƙiyasi, wadda ta wuce sakandare 3.4. A shekarar Katsina ce ta kasance kan gaba da 7.3, Legas kuma can ƙasa da 3.4. Wasu masana tattalin arziki biyu, Una Osili da Bridget Long, sun bi sawun matan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya riska, wanda ake ce wa UPE, suka gano cewa ƙarin karatun shekara huɗu kan rage kusan haihuwa ɗaya kafin mace ta kai shekara 25.

Amma babu wanda ya zuba musu wani abu a ruwan makaranta. Wadda ta yi aure tana da 20 ta riga ta tsallake haihuwa biyu da wadda aka aurar tana da 14 ta yi. Wadda ta ga 'ya'yanta suna rayuwa ba ta haihuwa da fargabar cewa rabi za su koma. Iyayenmu da suka haifi goma sha biyu suka binne biyar ba ganganci suka yi ba, lissafin zamaninsu ke nan. Kuma wadda ta san daɗin karatu tana so kowane ɗa nata ya samu, ta san kuɗin littafi da na takalmi, sai ita da mijinta su zauna su yi shawara.

Tazarar haihuwa ma ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku. A da mace takan tafi gidan iyayenta goyon ciki da wanka ta daɗe, kuma kwanika abin kunya ce, har ana yi wa mai rurrutsa gori a gidan suna. Abin da likitoci suka ƙara kawai shi ne tabbaci: yaran da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan na gabansu sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, babban kuma da aka cire daga nono ba shiri shi ne tamowa ke fara kamawa. Kakanninmu da suka ce da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara ba su taɓa ganin Bature mai allura ba.

Idan aka tara gidaje miliyoyi, abin da ke faruwa a ɗaki ɗaya sai ya zama labarin ƙasa. Nijar ta samu 'yanci a 1960 da mutum wajen miliyan uku da rabi. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17, yau ta haura miliyan 25, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Najeriya ta tashi daga miliyan 55 a ƙidayar 1963 zuwa miliyan 140 a 2006, yanzu ana ƙiyasin ta wuce miliyan 220. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai a karkarar Maraɗi ko Daura, 'ya'ya takwas suka raba, jikoki arba'in ke kallonta yanzu, kowa rabonsa bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, ƙasar kuma ta gaji domin babu sauran saura. Daga nan ake samun matasan da suka cika tasha, da masu bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, da ajin firamare mai yara fiye da ɗari a ƙasa ga malami ɗaya. Jama'a rahama ce, wannan gaskiya ne. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, wannan ma gaskiya ne. Sai dai Allah ya haɗa kowane baki da hannu biyu da ƙwaƙwalwa, kuma tarbiyyar hannun da ƙwaƙwalwar amana ce a wuyan wanda ya haifa.

Akwai ƙasashen Musulmi da suka bi wannan hanya a gabanmu. Bangaladash, wadda a shekarun 1970 mace takan haifi fiye da shida, ta fara biyan 'yan matan karkara ɗan tallafi a 1994 don su zauna a sakandare, da sharaɗin zuwa aji da jinkirta aure har a gama. Yau haihuwa a can ta dawo kusan biyu, mutuwar ƙananan yara ta sauka daga sama da 140 cikin 1,000 a 1990 zuwa wajen 30, masallatansu kuma suna nan cike. Ba cewa ake yi mu zama Koriya ta Kudu ba, inda haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 a 2023 har makarantu ke rufewa saboda rashin yara. Wannan ma wata musiba ce. Tsakanin 'ya'ya bakwai da wasunsu ke mutuwa da ɗayan da babu, akwai fili mai faɗi.

Kai kuma ɗana, kada ka ɗauka wannan hira ta mata ce ka koma gefe. A yawancin gidajenmu mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta. Sau nawa mai naƙuda ta zubar da jini har ta galabaita ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye? Namiji mai hankali tun ciki na wata bakwai yake barin izini a buɗe, ya ajiye kuɗin mota a hannun matarsa, ya san mai mota ko mai a-daidaita-sahun da zai buga wa waya da tsakar dare, ya kuma san abokai biyu da za su ba da jini. A yankin Damagaram an kafa abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna awo da haihuwa a asibiti, kuma a ƙauyukan da aka yi haka matan da ke zuwa asibiti sun ƙaru. Tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ku je ku yi gwajin jini kai da ita. Idan dukanku kuna ɗauke da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma wanda ya kwana da yaron da ƙasusuwansa ke sara yana kuka ya san soyayya ba ta ɗauke wannan raɗaɗi.

Akwai wata tambaya da ya kamata kowane saurayi ya yi wa kansa. Da yawa ba sa son namiji ya duba matarsu, kuma ana fahimtar wannan kishi. To likita mace da ungozomar asibiti daga ina za su fito, idan kowa ya cire ƙanwarsa daga aji uku na ƙaramar sakandare? 'Yar wani ce za ta yi shekara shida a jami'a ta zo ta karɓi haihuwar matarka. Adalci shi ne kai ma ka bar taka ta zama wadda za ta karɓi ta wani.

Karatu kuma shi ne ke raba tambaya mai amfani da jita-jita. Mutanen Kano suna da dalilin yin hattara, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafafu a lokacin yanzu samari ne, ana ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su samu cikakken rigakafi ba. Yau jita-jitar ba ta bukatar mai shela, tana shigowa ta WhatsApp da muryar wani da ba a san fuskarsa ba. Mai ilimi yakan tsaya ya ce wa ya faɗa, a ina, kuma me likitan da na sani ya ce.

Wanda zai ce karatun mata baƙon abu ne bai san tarihin gidansu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu.

Ba a manta da cewa hanyar tana da ƙaya ba. Uban da ya ji labarin sace 'yan makaranta mata a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makaranta ba, tsoronsa na gaskiya ne. Uwar da ke tara kuɗin kayan ɗaki daga tallan 'yarta ba mugunta take yi ba, gorin dangin miji take gudu. Akwai kuma makarantun da yaro zai yi shekara shida bai iya karanta sunansa ba, irin wannan zama kuwa ba ya ceton kowa. Duk da haka, 'yata, idan aure ya zo kina tsakiyar karatu, ki roƙi waliyyinki ya sa maganar ƙarasawa a gaban shaidu tun ranar da ake yanka sadaki, domin alkawarin da saurayi ya yi a zaure shi kaɗai da ke yakan narke bayan an share ƙunshi. Ran gini ran zane.

Ita ma yarinyar nan mai juya kati ƙofa ba ta rufe mata ba. Hukumar ilimin manya ta jihar Kano tana nan tun 1980, sauran jihohi suna da irinta, akwai makarantun matan aure, akwai Islamiyyun dare da suka haɗa da karatun boko, a Nijar ma akwai ajin yaƙi da jahilci da Hausa. Wata shida na zuwa aji bayan la'asar, da goyo a baya da fensir a hannu, ya isa mace ta karanta kwanan wata da lambobin da ke bayan katinta. Kafin nan, wanda ya iya karatu a gidan, ko miji ne ko ƙanin miji ko 'yar kishiya mai aji biyar, ya karɓi katin nan yau da daddare ya duba ranar da aka ce ta koma, ya faɗa mata, ya kuma tuna mata idan ranar ta zo.